Faifai ɗaya yana cin minti 40, had disk zan sauya ko raita?

Tambaya: Salam Malam. Ina da ɗan shago a wajen Zoo Road, bidiyon biki da sauka nake ɗauka ina ɗora wa mutane a faifan DVD. Tsohuwar destof ce mai Windows XP, da minti 6 zuwa 7 take gama faifai, yanzu sai ta kai 40, kuma tana bonin ko maus ba ya motsi daidai. Mai gyara ya ce had disk ne ya gaji, abokina ya ce raita ce, wato na'urar da ke ɗora bidiyon a faifai. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Don Allah kada ka sayi ko ɗaya tukuna, riƙe kuɗinka. Maganar maus ɗin nan da ka yi ita ta ja hankalina, domin in had disk ko raita tana jan ƙafa kuma gaba ɗaya kwamfutar tana kakarewa lokaci guda, to yawanci ta faɗo ne daga DMA ta koma PIO, wato hanyoyi biyu da kwamfuta ke bi wajen musayar bayanai da had disk ko raita.

Ka ɗauka mota ta kawo kaya Kantin Kwari. A DMA 'yan dako ne ke sauke diloli su kai sito, mai shago yana zaune yana ciniki abinsa. A PIO kuwa mai shagon ne da kansa zai tashi ya riƙa ɗauko kayan ɗaya bayan ɗaya, kwastoma na tsaye ba mai kula shi. Mai shagon nan shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ya sa komai yake tsayawa. Iyakar gudun PIO mafi sauri megabait 16.6 ne a daƙiƙa, a takarda ma kenan, alhali bonin DVD a 16x yana buƙatar kusan megabait 22, ka ga ai ba za su haɗu ba. Faifai mai gigabait 4.7 in gudun ya sauko zuwa 2x wajen rabin awa yake ci, a 1x kusan awa guda, to minti 40 ɗinka a tsakanin nan ya faɗo.

Abin da ke jawo shi kuwa XP ce da kanta. In ta gamu da kuskuren karatu ko jinkiri har sau 6 a jimilla sai ta rage gudun, in abin ya ci gaba ta yi ta ragewa har ta dire a PIO, kuma ba za ta sanar da kai ba, ba kuma za ta koma da kanta ba ko da matsalar ta wuce. Kai da kullum ake kawo maka tsofaffin faifai duk sun karce a ce a kwafe, ga ɗauke wuta ana tsaka da aiki, wallahi ba abin mamaki ba ne.

Ga yadda za ka duba. Shiga Device Manager, buɗe IDE ATA/ATAPI controllers, za ka ga Primary da Secondary IDE Channel, danna kowanne sau biyu ka je Advanced Settings ka karanta Current Transfer Mode. In ka ga PIO Mode, shikenan ka kama ɓarawon. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su zaɓi DMA if available su kashe su kunna su ga ba abin da ya canza su haƙura. Abin yi shi ne ka danna dama a kan IDE Channel ɗin da ya nuna PIO ka zaɓi Uninstall, sai ka sake kunna kwamfutar, Windows za ta gano shi sabo ta manta da lissafin kuskuren baya. Fayil ɗinka ba abin da zai taɓa su.

In ya gyaru sannan bayan kwana biyu ya koma, to ka buɗe murfin ka kalli faffaɗar wayar nan mai kama da bel da ke haɗa had disk da raita da madabod, wato babban allon cikin kwamfuta. Iri biyu ce kuma duk ramuka 40 ne a bakinsu shi ya sa ake ruɗewa, amma ɗaya zare 40 gare ta masu ɗan kauri, ɗaya zare 80 sirara. Mai 40 ba ta wuce Ultra DMA 2, wato megabait 33, had disk kuwa sai da mai 80 yake kaiwa 66 ko 100. Baki mai shuɗi shi ake sokawa a madabod, baƙin yana can ƙarshe, ruwan toka a tsakiya. Na taɓa buɗe wata a cikin hunturu, wayar ta karye a lanƙwasa, ƙura ta cika bakin kamar an zuba gari, mai ita har ya yi cinikin sabon had disk, da muka sauya waya muka hure ƙurar sai ga ta garau. Kuma in da hali kada had disk da raita su hau waya ɗaya, ka ba kowa tasa.

Sai in duk wannan bai yi ba za ka zargi had disk. Saka CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar had disk, kyauta ce, in ta nuna rawaya ko ja, ko kana jin ƙas ƙas daga ciki, to ranar ka kwashe bidiyon mutane ka adana a wani wuri kafin ma ka je kasuwa, biki ba a maimaita shi.

Tambaya: Malam laftof ɗina ba ta da wurin faifai, an ce in kai aikin makaranta a CD. Raita ta waje tana da kyau?

Amsa: Tana yi sosai 'yar uwa, kuma CD ba ya buƙatar wani gudu, megabait 700 ne duka. Amma in faifai ɗaya ko biyu ne kawai, ki kai filash ɗinki shagon kwamfuta su ɗora miki ya fi sauƙi. In kuma kin fi so ki mallaka, ki je Beirut Road da laftof ɗin a hannu, a jona a buga faifai ɗaya a gabanki ki buɗe ki gani kafin ki biya. Ki soka ta kai tsaye a jikin laftof, kada ki bi ta abin raba USB, wutar ba ta isarta sai ta tsaya a tsakiya faifan ya lalace.