Shafi ya buɗe, amma Selenium ya ce bai ga maɓalli ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta ɗan shiri da yaren Python da Selenium (manhajar da ke ba shiri damar sarrafa burauza), yana buɗe wani shafi ya cike fom ya danna maɓallin aikawa. Wani lokaci ya yi aiki sumul, wani lokaci ya tsaya da NoSuchElementException, wato ya ce bai ga maɓallin ba, alhali ina kallon maɓallin da idona. Na sa masa barcin daƙiƙa 10 da time.sleep, abin ya ɗan yi sauƙi, amma har yanzu jefi-jefi yana faɗuwa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shirinka ne yake riga maɓallin isowa. Umarnin driver.get yana riƙe ka har sai burauza ta ce document.readyState ya zama complete, wato HTML da hotuna da sauran fayilolin da shafin ya nema tun farko sun sauka. Matsalar ita ce da yawa daga cikin shafukan yanzu, musamman waɗanda aka gina da kayan aikin gina shafi irin su React ko Vue, kwarangwal kawai suke fara aikowa. Sai bayan nan JavaScript ta koma sabar ta ɗauko bayanai, ta gina fom da maɓallansa. Selenium kuwa a tsarinsa na asali sau ɗaya yake dubawa, in bai gani ba ya yi ihu.

Barcin nan da ka sa caca ce. Ranar da intanet ke gudu, maɓallin ya fito cikin daƙiƙa ɗaya ka zubar da tara a banza. In shafuka 200 za ka bi, barci kaɗai ya cinye fiye da rabin awa. Ranar da ta yi nauyi kuma, goman ba za su isa ba.

Ka daina jiran shafi, ka jira abin da kake buƙata a cikinsa. WebDriverWait aka yi domin haka: ka ba shi iyaka, misali daƙiƙa 20, da sharaɗi. Duk rabin daƙiƙa zai leƙa, da sharaɗin ya cika ya wuce, in wa'adin ya ƙare ya ba ka TimeoutException. Wajen zaɓen sharaɗin ne mutane ke tuntuɓe. presence_of_element_located yana tabbatar da abin yana cikin shafin ne kawai, ko da a ɓoye yake. Mai son danna maɓalli element_to_be_clickable yake so. Shi ma wannan, abin da yake dubawa shi ne maɓallin a bayyane yake kuma ba a kashe shi ba. Bai damu da ko ƙwallon nan mai juyawa, alamar shafi na lodi, ya rufe shi ba. In ka ga ElementClickInterceptedException, wato wani abu ya tare dannawar, to ka fara jiran ƙwallon ya ɓace da invisibility_of_element_located. Kuma kada ka haɗa WebDriverWait da implicitly_wait (jiran bai-ɗaya da ake sa wa duk neman abu a shafi), masu Selenium da kansu sun yi gargaɗi cewa haɗin yana rikita lissafin lokacin jira.

Tambaya: Ni Playwright, takwaran Selenium, nake amfani da shi. Na ga ana cewa wajen jiran shafi networkidle ya fi komai, gaskiya ne?

Amsa: Ban ba ka shawarar ka dogara da shi ba, kuma bayanan Playwright ɗin ma sun hana. Ma'anarsa a jira har zirga-zirgar netwok ta yi shiru na rabin daƙiƙa. Shafin da ke da talla ko akwatin hira ba lallai ya taɓa yin shiru ba, sai ka zauna har daƙiƙa 30 su cika shirin ya faɗi. Kai ma ka huta, domin Playwright da kansa yake jira kafin ya danna: sai abin ya bayyana, ya daina motsi, kuma babu abin da ya rufe shi. Ka nuna masa maɓallin da locator kawai, wato umarninsa na gano abu a shafi. In sakamakon wata buƙata da shafin ya aika wa sabar kake jira, yi amfani da expect_response ka kama amsar sabar kai tsaye.