Tankar yaƙin da kika gani a hoton

Yaya Hajiya, kin ce hoton nan ya ɗaga miki hankali, wai me ya kai Bahaushiya gindin tankar yaƙi da fure a hannu, ko mun koma Turawa ne.

Wurin sunansa Torcross, a bakin teku a Devon, kudancin Ingila, ba nisa sosai da gidanmu a Plymouth. A ƙarshen 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka ba mutanen ƙauyukan yankin, wajen 3,000, mako shida su kwashe nasu ya nasu har da dabbobi. Sojojin Amurka ne za su yi atisayen sauka daga jirgin ruwa, don gaɓar tekun wurin, da ake kira Slapton, ta yi kama da inda za su dira a Normandy ta Faransa. Da asubahin 28 ga Afrilun 1944 jiragen ruwan yaƙin Jamus suka afka wa ayarinsu, mutum 749 suka mutu, waɗanda suka tsira kuma aka ja musu kunne su yi shiru. Tankar ta sojojin Amurkan ce, ta kwana shekara 40 a ƙasan teku kafin wani mazaunin wurin, Ken Small, ya sa aka ciro ta a 1984, aka ajiye ta don tunawa da mamatan.

Surukata, matar ɗana da har yau kike kira "Baturiyar nan", kakarta tana yarinya aka ɗora su a mota da kajinsu. Da suka dawo, tagogi a farfashe, ɓeraye sun cinye gidan. Duk Afrilu sai an kai ta wurin. Furen nata ne, hannunta ke rawa na riƙe mata. Ke da kanki da kin riƙe.

Auren kuma a masallaci aka ɗaura shi, da sadaki da shaidu, kin sani. Yarinyar tana azumi, tana tuƙa tuwon semo, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai Mama. Hausar jikokina ce ba ta fita, wannan kam gaskiyarki ne, kuma yana ci mini rai fiye da yadda kike zato. Amma ba sa miƙa mini abu da hagu.

Ina tsaye ana karanto sunayen mamatan, Baba Tsoho ne ya faɗo mini, da ya je yaƙin Bama ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba. Lambobinsa na cikin gwangwanin nan na ƙarƙashin gadon Inna. In suna nan, don Allah ki ɗauko mini hotonsu, yaran su gani.