Amsa ga 'yar uwar da ejan ya ce mata bizar shiga ɗaya ta isa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce ke da maigida za ku shiga jirgin ruwan shaƙatawa na kwana 7 a Bahar Rum, ya tashi daga Basalona, ya bi ta Faransa da Italiya, ya tsaya a Tunisiya. Ejan ɗinku kuma ya ce bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai, mai shiga ɗaya ta wadatar, kuma da kun biya kuɗin tikiti babu sauran kashe kuɗi. Don girman Allah kada ki ƙara tura masa ko kwabo sai kin gama karanta wannan, domin maganar da aka faɗa mana ke nan, ko harafi bai canza ba.

Tunisiya ba ta cikin Shengen. Ranar da jirgi ya tsaya a can, an ɗauka kin fita, washegari da ya koma Turai kuma shiga ta biyu ce. Ko kin ce ba za ki sauka ba, kina ɗaki a kwance, masu jirgin ba sa karɓar wannan. Idan bizar ta fito, buɗe fasfonki ki duba gurbin adadin shiga. Za ki ga 01, ko 02, ko MULT, wato shiga da yawa. In 01 ce, akwai matsala. In ba ku nema ba tukuna, ku haɗa jerin tashoshin da jirgin zai tsaya cikin takardunku, ku nemi mai shiga da yawa. Haka abin yake da Turkiyya, Maroko da Montenegro.

Mu ba mu san haka ba. Adashe biyu na kwasa na haɗa wa maigida, shi ma ya daɗe yana tara kuɗi, muka kai yara wurin Hajiyarmu. Mun isa Basalona lafiya, muka kwana, da hantsi muka nufi tasha. Tun daga nesa na hango jirgin, bene a kan bene, na kasa rufe baki. Masu ɗaukar kaya suka karɓi akwatunanmu, muka shiga layi. Da muka iso gaban tebur, matar ta buɗe fasfona, ta duba kwamfuta, ta sake buɗe fasfon, sai ta daina murmushi. Ta kira wani na gaba da ita. Shi ya ɗora yatsa a kan lambar nan 01, ya ce ba za su iya barinmu mu hau ba. Maigida ya roƙe shi, ya ce mun yarda a riƙe mu a cikin jirgi ranar Tunis. Mutumin bai ci mana mutunci ba, ya dai ce abin ba a hannunsa yake ba.

Aka nuna mana wasu kujeru a gefe, muka zauna jiran a nemo kayanmu cikin dubban akwatuna. Kusan awa uku. Mutane na wucewa ta gabanmu da 'ya'yansu suna dariya, ni kuma na ja mayafi na rufe fuska. Maigida ya kira ejan ya fi sau ashirin, da farko tana shiga ba a ɗauka, daga baya aka kashe wayar ɗungurungum. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba, kuma bai ce da ni uffan ba, alhali ni na kawo mutumin. Muna tsaye a bakin titi muna neman tasi jirgin ya yi wannan ƙarar tasa mai shiga ƙirji. Har yau in na ji irinta a bidiyo sai na ajiye wayar.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, mutumin ne. Surukin wata 'yar uwarmu ne, yana shigowa gidanmu, ya ci abincina. Da muka dawo sai da ya yi mako biyu yana mana yawo da hankali, sannan ya zo yana cewa haka Allah ya ƙaddara, shi ma bai sani ba. To in ba ka sani ba, me ya sa ka ce mini "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan aikina ne"? Na yarda da ƙaddara, amma shi ya karɓi ladan aikin da bai iya ba. A takardar kamfanin jirgin a rubuce yake cewa biza nauyin fasinja ce, don haka ɗan harajin tashoshi kawai aka mayar mana. Da muka ce za mu bi haƙƙinmu, manya suka shiga, wai kada a ɓata zumunci. Muka bari. Har yanzu muna haɗuwa a wurin biki, ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru, na amsa don dole.

Bayan shekara biyu maigida ya ce sai mun koma, muka yi komai da kanmu, kuma mun ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Ki kwanta a gari ɗaya ki tashi a wani, ba ɗaukar kaya ba sauya otal. Sai dai maganar "an haɗa komai" ba haka take ba. Ɗaki da abincin babban ɗakin cin abinci suna ciki. Amma akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake rubutawa kowace rana a kan kowane mutum, lemon kwalba da kuɗinsa, intanet da kuɗinsa, yawon da suke shiryawa a gari da kuɗinsa. Katin ɗakinki da shi ake sayen komai, ba kya jin fitar kuɗin sai daren ƙarshe. Ki riƙa duba lissafin kullum. Ku tafi da katin dala, kada ku dogara da na naira. Wayarki kuma ki kashe mata data da zarar an bar tasha, domin a tsakiyar teku ta tauraron ɗan Adam take kamawa, kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Ki tafi da ƙaramar butar roba, wannan kam kada ki manta, banɗakinsu ɗan ƙarami ne kuma ba za ki samu buta a ciki ba. Dutsen guga kada ma ki ɗauka, karɓewa suke yi saboda gobara. Yaji ki ɗauka, zai cece ki, amma kilishi da dambun nama an hana shiga da su Turai. Abinci ni kifi, ƙwai, shinkafa da ganye na riƙe, kuma ina tambaya kafin na ɗiba, don naman alade yana nan birjik, wata miyar ma da giya ake haɗa ta. Ku rubuta musu tun kafin tafiya cewa halal kuke so. Sallah muna kasaru, mu duba alƙibla lokacin da za mu tayar, tunda jirgin juyawa yake. Ki kuma sa a ranki cewa akwai mashaya da gidan caca a ciki, da masu wanka kusan tsirara a saman bene. Ni da asuba nake hawa, lokacin babu kowa sai iska da ruwa, na yi azkar ɗina a can. In wannan zai dame ku ƙwarai, Saudiyya ta fara nata jirgin mai suna Aroya daga Jidda a Disambar 2024, a Bahar Maliya, ba giya ba caca.

In kina da saurin jiri, ki zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa, can ne girgiza ta fi sauƙi. Citta ta taimake ni. Mai cikin da ya kai mako 24 ba sa ɗauka, kin dai gane. Inshorar lafiya ma kada ku raina ta, ganin likitan jirgi da tsada. Atisayen ceton rai da ake yi kafin tashi ku je, ku san wurin taruwarku. An tsananta shi ne bayan jirgin shaƙatawa na Costa Concordia ya kife kusa da tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu.

Sai lokaci. Jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa, na yawon da su suka shirya kawai yake jira. In an ce kun tsaya a Roma, a tashar garin Civitavecchia kuke, tafiyar wajen awa ɗaya a jirgin ƙasa zuwa Roma, don haka ku juyo da wuri, ku bi agogon jirgin ruwanku. Ku kuma isa Basalona kwana ɗaya kafin ranar tashi.

Ki karɓi jerin tashoshin daga hannun ejan ɗin yau, a rubuce, ki turo mini ta saƙon sirri tare da abin da aka rubuta a gurbin shiga na bizarku, mu duba tare. In ya fara cewa sai gobe, ki rubuta wa kamfanin jirgin da kanki. Allah ya tsare ku, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.