Fitilar babur ɗina ta yi rauni, ko in sa babban kwai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur Boxer, ina zirga-zirga tsakanin Mai Wurno da Sinnar a Sudan, galibi bayan isha'i. Fitilar ba ta haska komai, sai na zo daf nake hango keken jaki. Wasu sun ce in sa kwai mai wat 100, wasu kuma sun ce LED. Wanne zan ɗauka?
Mai karatu daga Mai Wurno

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai wat 100 dai ka rabu da shi. Ƙananan babura irin naka kwansu mai wat 35 ne a kan bolt 12, kuma kwayil ɗin injin, wanda ke samar da wuta, ba shi da ƙarfin ciyar da wanda ya ninka haka kusan sau uku. Da ka sassauta mai, hasken zai koma ja, soket ya narke, robar madubin cikin fitila ta lanƙwashe saboda zafi.

Kafin ka kashe kuɗi, murɗa makulli ka kunna fitila ba tare da ka tayar da injin ba. In ta kama, daga batir take shan wuta, wato DC. In kuwa sai injin ya tashi take kamawa, kuma haskenta na ƙaruwa idan ka ja mai, to AC ce kai tsaye daga kwayil. LED na gama-gari DC yake so. A kan AC zai riƙa ƙyafta ido, ba da jimawa ba ya ƙone. Don haka ka nemi wanda aka rubuta AC/DC a kwalinsa, mai wat 12 zuwa 18, kuma ka tafi kasuwa da tsohon kwan a aljihu domin gindinsu ya zo ɗaya, ko BA20D ne ko HS1.

Amma sau da yawa laifin ba na kwai ba ne. Ka sa mai wayarin ya auna wutar a bakin soket, injin na aiki. Kwan halojin, wato mai siririyar waya da ke ci a ciki, in wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa kan ragu da kusan kashi 30. Tsatsa a makunni, ko sassaucin wayar da ke komawa jikin ƙarfen babur, sun isa su jawo haka. A goge su, a ɗaure. In za a mayar da fitilar kan batir, a bi ta rile (ƙaramin makunni da wuta ke kunnawa) da waya mai kaurin 1.5 mm², a sa fiyus mai amfiya 10 kusa da batir, sannan a tabbatar caji na kaiwa bolt 13.5 zuwa 14.5, in ba haka ba batir zai zube a hanya.

A ƙasarmu mai ƙura ban cika son farin hasken nan mai shuɗi-shuɗi ba. Idan habub, wato guguwar ƙura, ya taso, hasken kan dawo maka ido. Mai ɗan ruwan ɗorawa ya fi sauƙi. Haka LED mai ƙaramar fanka a baya, ƙura kan toshe ta ya yi zafi.

Sai saiti, don kada ka makantar da na gabanka. Tsaya mita 5 daga bango a wuri mai daidai, kana zaune a kan babur. Yi alama a bango daidai tsayin tsakiyar fitila, kunna dim, ka murɗa sukurun saiti har saman hasken ya sauka santimita 5 ƙasa da alamar. Ranar da za ka ɗauko buhu a baya, ka sake dubawa, domin nauyi na ɗaga hancin babur sama.