Gombe zuwa Dadin Kowa a kan keke

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya tuka keke daga Gombe zuwa madatsar ruwan Dadin Kowa ya dawo a yini ɗaya. Ƙwarai kuwa, zai iya. Tafiyar kusan kilomita 40 ce a kan titin Biu, zuwa da dawowa ka ga ta doshi 80 ke nan. Amma ka tashi da zarar an sallame Asuba.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne zuwan. Gangara ta fi yawa tunda kogin Gongola kake nufa, sai ka ji kamar keken ne ke jan ka. A dawowa ake gane maza. Ranar da na fara yinta, cikin watan Afrilu, na shantake a bakin ruwa ina kallon masunta har rana ta take. Kafin in yi rabin hanya gorar ruwana ta ƙare, sitiyari ya yi zafi kamar murfin tukunya, ƙafafuna na rawa, dole na fake a gindin darbejiya har La'asar. Don Allah ka juyo kafin ƙarfe 10, ka riƙi ruwa gora biyu, da dabino, da famfo da kayan faci.