Wa ke magana da yawun manoman oganik idan za a yi doka?

Tambaya: Malam, ina yawan jin cewa akwai ƙungiyoyin da ke kare muradun masu noman oganik, wato noman da ba a sa masa takin zamani ko maganin feshi na sinadari. Mene ne ainihin aikinsu idan gwamnati za ta tsara doka? Kuma ƙaramin manomi suke wakilta ko manyan kamfanoni?

Amsa: Malama, na gode da wannan tambaya. Abin da za ki fara riƙewa shi ne, idan aka ajiye miki tumatir biyu, ido ba zai gaya miki wanne ne oganik ba. Takardar shaida ce ke faɗa, ita kuwa takardar doka ce ta haife ta. Don haka rabin aikin waɗannan ƙungiyoyi gadin ma'anar kalma ɗaya ne: me aka yarda a zuba a gona, shekara nawa ƙasa za ta huta daga sinadari kafin a ba da shaida, wa zai zo dubawa, kuma wa zai biya shi.

Uwar ƙungiyoyin ita ce IFOAM, wadda aka kafa a 1972 a Faransa, yanzu hedikwatarta na birnin Bon na Jamus. Tun kafin gwamnatoci su sa baki, ita da irin su Soil Association ta Ingila, wadda ta faro a 1946, sun riga sun rubuta ƙa'idojinsu. Da Tarayyar Turai ta zo yin dokarta a 1991, ba daga sama ta tsinto ta ba, ta tarar an share hanya.

Misalin da na fi son bayarwa daga Amurka yake. Majalisa ta yi dokar abincin oganik a 1990, ta bar wa ma'aikatar noma rubuta cikakkun ƙa'idoji. Da daftarin ya fito a 1997, sai ga shi ya buɗe ƙofa ga irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, da takin dagwalon magudanar birni, da haska abinci da hasken radiyeshan don kashe ƙwayoyin cuta. Ƙungiyoyi suka tashi tsaye, suka bi manoma da masu saye suna cewa kowa ya rubuto. Ƙorafi sama da 275,000 ya isa ma'aikatar. Dole aka koma aka sake, kuma ƙa'idar da aka kammala a 2000 ta haramta duka ukun.

Amma kada ki ɗauka kullum haka ake yi da ƙura da hayaniya. Yawancin aikin na zama ne da haƙuri. Akwai kwamitin mutum 15 da ke ba ministan noma na Amurka shawara, huɗu daga cikinsu kujerun manoma ne. Sau biyu yake zama a shekara, kuma duk abin da aka yarda a yi amfani da shi sai an sake duba shi bayan shekara biyar. Manomi zai bar gonarsa ya yi doguwar tafiya, a ba shi minti uku kacal a gaban makirfo, ya bayyana dalilin da ya sa cire wani magani daga jerin zai kashe masa bishiyoyin tuffa. Ƙungiya ce ke sanar da shi ranar zaman, ta taya shi tsara maganarsa, ta kawo binciken da zai dafa masa. A Turai ma reshen IFOAM da ke Brasels bai yi barci ba har aka sa burin mayar da kashi 25 cikin 100 na gonakin Tarayyar zuwa oganik nan da 2030.

Sai tambayarki ta biyu, wadda ita ce ta fi damuna. Gaskiya bakinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sarrafa abinci, akwai na manoma zalla, akwai na masu saye, kuma wanda ya fi biyan kuɗin ƙungiya shi ne ke iya ajiye lauya a babban birni shekara sukutum. A Nuwamban 2017 wannan ɓaraka ta fito fili. Kwamitin nan na Amurka ya kaɗa ƙuri'a kan ko a hana ba da shaidar oganik ga amfanin da aka noma a cikin ruwa ba ƙasa, takwas suka ƙi, bakwai suka yarda. Manoma da dama suka ji an ci amanarsu, domin a wurinsu ciyar da ƙasa shi ne tushen sana'ar gaba ɗaya. Ni ma ra'ayina ke nan. Wasu cikinsu suka ware suka kafa tasu shaidar daban.

Wanda ya fi kowa nisa da teburin shi ne mai 'yar gonar kofi ko koko da ke sayarwa Turai ta hanyar ƙungiyar gama-kai. Sabuwar dokar Tarayyar, wadda ta fara aiki a 2022, ta ƙayyade cewa rukunin manoman da ke neman shaida ɗaya kada ya wuce mutum 2,000, kuma sai ya yi rajista a matsayin ƙungiya mai cin gashin kanta a idon doka. Layi ɗaya ne a takarda, amma a ƙauye yana nufin a raba ƙungiya, a ƙara ma'aikata, a ƙara kuɗin dubawa, ga shi mutumin ba shi da ƙuri'a a ƙasar da aka rubuta dokar.

Shi ya sa nake jinjina wa ƙungiyoyin da suka nace a amince da tsarin shaidar juna, inda manoma da masu saye ke zagaya gonakin junansu suna dubawa, ba sai an ɗauko jami'i daga nesa ba. Barazil da Indiya sun karɓe shi a hukumance. Idan wata ƙungiya ta ce da yawun manoma take magana, Malama, ki nemi ganin abu biyu: daga ina kuɗinta ke shigowa, kuma kujera nawa masu riƙe fartanya suke da ita a kwamitin da ke yanke shawara.