Ku Tambaya Mu Amsa: In sayi parsel a bayan gari ko in ci gaba da haya?

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba. Ni ɗan Tawa ne, shekara tara ke nan ina haya a Bukoki, ɗaki biyu ni da iyali da ɗiya huɗu, kuma kullum mai gida cikin zancen ƙarin kuɗi yake. Yanzu wani dillali ya kai ni can gaba da Koira Tegi ya nuna mini parsel metir kare 400, miliyan ɗaya da rabi, takardar da ke hannunshi ta mai gona ce, wai akt, wato takardar mallaka ta hukuma, zai fito daga baya. Ba ruwa ba kuran, amma ya ce gari na tahe. In biya ko in dakata? Daga wani mai karatu, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya raya ɗiya. Zancen gari na tahe gaskiya ya gaya maka. Yamai ɗin nan da aka maido babban birni cikinta daga Damagaram a 1926, lokacin samun ƴancin kai mutanenta ba su wuce dubu talatin da ƴan kai ba, ƙidayar 2012 kuwa ta iske kusan miliyan ɗaya. Ni da idona na ga lokacin da aka gina gidajen Frankofoni don wasannin 2005, muna cewa wa zai zamna wannan daji, yau je ka tambayi kuɗin haya a can ka ji. Harobanda ma da gadar Kennedy kaɗai ake ƙetarawa tun 1970, sai 2011 aka samu ta biyu, 2021 ta uku.

To amma kar ka biya tukuna, wallahi kar ka biya. Wannan kalma ta "akt zai fito daga baya" ita ce ta sa mutane da yawa kuka. Takardar mai gona tana nuna gonar gado ce kawai, ba ta nuna an yi lotisma an yanka parsel da lamba ba, kuma ba ta hana wani ɗan uwanshi ya taso gobe ya ce ba a raba gado ba. Akwai wani maƙwabcina, tela ne, shekara shida yana tara kuɗi, ya sayi hili irin haka har ya zuba tipa biyu ta yashi ya buga bulo, ran da ya je da magini sai ya iske wani ya riga ya ja katanga ya sa ƙofa, shi ma da tashi takarda, mutum ɗaya ne ya saida musu su biyu. Har yau bulon na can rana na ci.

Ka ce ma dillali ya ba ka sunan lotisma da lambar ilo, wato rukunin da parsel ɗin yake ciki, da lambar parsel, ka tahi meri da ƙafarka a duba sunan wa ke cikin rajista, ka ɗauki jeyometir mai awon hili ya nuna maka born, wato alamun iyaka, guda huɗu a ƙasa, kuɗi kuma gaban noter, mai shaida ciniki bisa doka, za su fita daga hannunka. In ya fara cewa akwai wani mai so yau yau, bar mishi.

Sai abu na biyu da nike roƙonka, ka je ka ga wurin da damina, cikin watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Da rani kowane hili kyakkyawa ne. Mutanen Lamorde da Kirkisoy da Saga sun ga abin da kogin Isa ya yi a 2012 da 2020, ku na arewa kogi bai kai muku amma akwai kwari, ruwan da ke gangarowa kwarin Gunti Yena daga wannan gefen yake fitowa, kuma ruwa bai mance hanyarshi don an yi gini bisanta. Duba katangun maƙwabta, in ka ga zanen laka ya kai gwiwa ka gane.

Ka yi lissafin bido nawa ƴan garuwa za su kawo ma mutum shida kowace rana, da esansin moto ko kuɗin faba-faba zuwa wurin aikinka, da lakkol ɗin yara, da inda za ka kai maiɗakinka in naƙuda ta taso da dare ba gudro. In takardu sun fito tsaf ka saya, ka ja katanga ka dasa bedi biyu, ka ci gaba da hayarka a Bukoki har pampo ya iso layin.